Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Sanda: Wa Ya Miƙa Masa Bindigar?

Zuwa ga shugabannin rundunonin 'yan sanda, da hukumomin da ke ɗaukar jami'ai aiki da ladabtar da su.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, na rubuto ne a kan al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutanen da harsashin ɗan sanda ke kashewa ba da haƙƙi ba, da yadda ake tafiyar da maganarsu bayan an binne su.

Duk lokacin da haka ta faru, mun san abin da za mu ji kafin gari ya waye. Kakakin runduna zai fito ya nuna takaici, ya ce an tsare jami'in, an kafa kwamitin bincike, jama'a su kwantar da hankalinsu. Sau da yawa ya ƙara da cewa irin wannan baragurbi ba ya wakiltar runduna. A nan nake so mu tsaya. Wanda ya danna kunamar bindiga yana da laifinsa, kuma dole ya amsa shi. Amma bai shigo aikin ta taga ba. Wani ne ya duba takardunsa ya sa hannu. Wani ne ya horar da shi ya ce ya ƙware. Wani ne ya buɗe ma'ajiyar makamai da safiyar ranar ya miƙa masa bindiga da harsasai, wani kuma ya sha jin ƙorafi a kansa ya kau da kai. Waɗannan duka ofisoshinku ne, shi ya sa wasiƙar ta nufo ku maimakon kofur ɗin da ke tsaye a bakin titi.

Ba da gaba na zo ba. Na san ana kashe 'yan sanda a bakin aiki, na san akwai matan da aka mayar zawarawa da yaran da aka mayar marayu saboda mai gidan ya tsaya inda kowa ya gudu. Akwai ranar da harbi shi ne kaɗai abin da zai ceci rai, kuma jami'in da ya yi shi a irin wannan rana ya cancanci godiya. Don kare mutuncin wannan jami'in ma nake magana, domin duk harbin ganganci da aka rufe, shi ake shafa wa baƙin jini, shi ne kuma gobe za a ƙi ba wa labarin inda ɓarayi suka ɓuya.

Bari in fara daga teburin ɗaukar aiki, tun da Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Ranar 22 ga Nuwamba, 2014, a birnin Cleveland na Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice yana wasa da bindigar roba a wani dandalin shaƙatawa. Mutumin da ya kira 'yan sanda ya faɗa a waya cewa mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, kuma mai riƙe da ita ƙila yaro ne, amma wannan bayani bai kai kunnen waɗanda aka tura ba. Motar sintiri ta tsaya dab da yaron, cikin kamar daƙiƙa biyu aka harbe shi, washegari ya cika. Abin da ya fito daga baya shi ya fi ɗaga hankali. Jami'in da ya yi harbin ya taɓa aiki a rundunar wani ƙaramin gari da ke kusa. A 2012 mataimakin shugaban wannan runduna ya rubuta a fayil ɗinsa cewa ba ya iya bin umarni mai sauƙi a filin koyon harbi, yadda yake sarrafa ƙaramar bindiga abin takaici ne, yana kasa riƙe kansa, kuma bai ga alamar lokaci ko ƙarin horo za su gyara shi ba. Ana shirin sallamarsa sai ya ajiye aikin da kansa. Rundunar Cleveland ta ɗauke shi ba tare da ta karanta wannan fayil ba. Takarda ce da ke ajiye a wani ofishi mai 'yar tazara, buga waya ɗaya ya isa a samo ta.

Ba a gurfanar da shi kan kisan ba. Da aka kore shi a 2017, laifin da aka kama shi da shi shi ne ɓoye gaskiya a takardar neman aiki. Bayan haka ma an samu ƙananan garuruwan da suka sake ba shi kaki, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye.

Shekara goma bayan Tamir, a watan Yulin 2024, wata mata mai suna Sonya Massey a jihar Illinois ta kira 'yan sanda da dare don tana zargin wani na zagaya gidanta. Jami'in da ya zo taimakonta shi ya harbe ta a cikin ɗakin girkinta. Da aka bi sawunsa sai aka ga ya yi aiki a rundunoni shida cikin shekara huɗu, an taɓa sallamarsa daga soja, kuma sau biyu kotu ta same shi da laifin tuƙi cikin maye. A Landan, jami'in da ya yi amfani da katin aikinsa ya sace Sarah Everard ya kashe ta a 2021 yana cikin waɗanda aka amince wa su riƙe bindiga, kuma binciken da aka fitar a 2024 ya ce tun asali bai kamata a ɗauke shi ɗan sanda ba, rundunoni uku ne suka bar alamun suka wuce su.

Wasu masana shari'a biyu a Amurka sun bi bayanan jihar Florida na shekaru da dama, suka wallafa a 2020 cewa kusan kashi 3 cikin ɗari na jami'an da ke aiki a kowace shekara an taɓa korarsu daga wata runduna, kuma irin waɗannan sun fi saura yiwuwar a sake korarsu. Ingila da Wales sun buɗe rajistar waɗanda aka haramta wa aikin ɗan sanda tun Disambar 2017. Ba abu ne mai tsada ba. Abin da yake buƙata shi ne ku daina barin mai laifi ya rubuta takardar ajiye aiki don a rufe bincike, ku daina mayar da canjin wurin aiki ya zama hukunci. Jami'in da ya zama annoba a wannan caji ofis, idan kuka tura shi wancan, kun dai sauya waɗanda zai cuta ne.

A wuraren da ake shiga aikin ta hanyar alfarma, ko a sayi gurbin da kuɗi, matsalar ta ninka. Wanda ubangida ya shigo da shi ya san ba jarrabawa ce ta kawo shi ba, ya kuma san ba sajensa ne zai iya fitar da shi ba. Wanda ya biya kuɗi ya shigo da niyyar mayar da abin da ya kashe, kuma bindigar da kuka rataya masa ita ce jarinsa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990, sun faɗi abin a fili a sashe na 18: a tantance mai neman aikin ta fuskar ɗabi'a da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki, sannan a riƙa sake duba cancantarsa lokaci zuwa lokaci. Wannan na biyun ne aka fi mantawa. Mutumin da aka ɗauka lafiya lau yana ɗan shekara 22 zai iya zama wani mutum daban a 35, bayan ya ga gawarwaki, ya yi shekaru ba ya samun isasshen barci, bashi ya yi masa katutu, ko ya faɗa shan giya da ƙwaya. Wa ke dubawa? A rundunoni da yawa babu kowa, sai ranar da ya yi ɓarna.

Maganar horo kuwa, ina roƙon ku ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kanta, domin a nan aka fi yaudarar kai.

Abin da aka fi kira horon bindiga shi ne a jera kurata a fili da rana tsaka, a kafa musu allo a nesa, kowa ya saita ya harba, a ƙirga ramuka a ba shi maki. Allon ba ya motsi, ba ya kuka, ba ya sa hannu a aljihu don ciro katin shaida, babu kuma yaro a bayansa. Wannan darasi yana koyar da yadda ake harbi. Ba ya koyar da yaushe ake harbi, alhali kuwa wannan ce tambayar da rai ke rataye a kanta. A ranar 4 ga Fabrairu, 1999, Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a New York, ya sa hannu ya ciro walat ɗinsa. Jami'ai huɗu suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Dukkansu sun ci jarrabawar harbi.

Ko a kan saitin ma, fili yana ruɗi. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Ko da ba a mayar musu da wuta ba, abin bai wuce kashi 30 ba. Saura kuma ina suke zuwa? A watan Agustan 2012, kusa da dogon benen Empire State, jami'ai biyu sun harbe wani mai kisa da ya juyo musu da bindiga, amma mutum tara masu wucewa suka jikkata, dukkansu daga harsasan 'yan sanda. Wannan fa da ƙaramar bindiga ke nan. Ku auna abin da zai faru idan bindigar yaƙi ce irin AK-47, wadda harsashinta ke huda ƙofar mota ya wuce, yake kuma kisa daga nisan ɗaruruwan mitoci, aka riƙe ta a tsakiyar cunkoson jama'a ko a shingen binciken motoci. Sojoji aka ƙera wa wannan makami. Ba kowane aikin ɗan sanda ne ke buƙatarsa ba, kuma ba kowane ɗan sanda ne ya kamata ya riƙe shi ba.

Sai kuma abin da ake kira harbin kuskure, wai bindiga ce ta tashi. Bindigar da ke da lafiya, wadda aka kulle makarinta, aka kuma ajiye yatsa a wajen kunama, ba ta tashi da kanta. Duk mai koyar da harbi ya san ƙa'idojin nan da ake fara koya wa kurtu: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba, kada yatsanka ya taɓa kunama sai ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da ke bayan wanda ka saita. Kafin harsashi ya kuɓuce ya kashe mutum, sai an karya aƙalla biyu daga cikinsu. A Nuwamban 2014, wani sabon jami'i a New York ya shiga matakalar wani bene mai duhu da bindiga a zare, ya razana da wani ƙara, harsashi ya fita ya daki bango ya dawo ya kashe Akai Gurley, wanda saukowa kawai yake yi. A Afrilun 2021 a jihar Minnesota, wata jami'a mai shekara 26 a bakin aiki, wadda a ranar ma wani sabon jami'i take koya wa aiki, ta zaro bindiga a madadin na'urar Taser mai jan wutar lantarki, ta kashe Daunte Wright. Daɗewa a aiki bai tsare ta ba. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya ta hau bugawa, gani ya ƙuntata, hannu yana komawa ne ga abin da ya saba yi. In ba a maimaita atisaye akai-akai cikin yanayi mai kama da na gaske ba, da duhu da hayaniya da mutane masu motsi, takardar shaidar da aka ba shi shekara goma da suka wuce ba ta da amfani a wannan daƙiƙar.

Wani bincike da ƙungiyar nazari ta shugabannin 'yan sandan Amurka ta yi a 2015 ya nuna ana ba kurtu kimanin awa 58 na koyon harbi, amma awa 8 kacal na koyon yadda ake kwantar da tarzoma da baki. Mafi yawan abin da ɗan sanda ke tararwa a rana kuwa rigimar maƙwabta ce, da direba mai taurin kai, da mashayi, da mai taɓin hankali da ya fita hayyacinsa. Waɗannan magana suke buƙata, da ja da baya, da haƙurin jiran ƙarin jami'ai. A birnin Louisville, masana daga Jami'ar Cincinnati sun auna wani horo irin wannan, suka fitar da sakamako a 2020: amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, raunin farar hula ya ragu da kashi 26, raunin su kansu jami'an ya ragu da kashi 36. Ina so ku lura da adadin ƙarshen nan, domin kullum hujjar masu ƙin gyara ita ce za a jefa jami'ai cikin haɗari.

Norway da Finland suna horar da ɗan sanda shekara uku har ya sami digiri, matsakaicin horo a Amurka kuwa kusan wata biyar ne. A Ingila da Wales galibin 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga sam. Ana zaɓar wasu kaɗan a ba su horo na musamman, a riƙa sake jarraba su, wanda ya faɗi a karɓe izininsa. Ana tura waɗannan zuwa ayyuka wajen 18,000 a shekara, amma lokutan da suke harbin mutum ba sa kai ashirin. Na yarda ba kowace ƙasa ce za ta iya kwafar wannan tsari ba, musamman inda makamai suka yi yawa a hannun 'yan ta'adda. Abin ɗauka a ciki shi ne a raba sanya kaki da riƙe bindiga, na biyun ya zama izini na daban da ake nema, ake sabuntawa, ake kuma iya ƙwacewa. Sashe na 19 na ƙa'idojin Habana ma ya ce kada a ba jami'i izinin riƙe bindiga sai ya kammala horo na musamman a kanta.

Horo kuma ba ya tsayawa shi kaɗai sai da doka bayyananna. Sashe na 9 ya taƙaita harbin mutum ga kare kai ko kare wani daga barazanar kisa ko mummunan rauni da ke dab da aukuwa, ko hana babban laifi mai barazana ga rai, ko kama mai irin wannan haɗari da hana shi tserewa, ya ce ba a harbi da niyyar kisa sai in babu wata hanyar ceton rai. Gudu kaɗai ba dalili ba ne, ƙin tsayawa a shinge ba dalili ba ne, zagi da gardama balle. Kotun Ƙolin Amurka ta hana harbin mai gudu da ba shi da haɗari a 1985, a shari'ar wani yaro ɗan shekara 15 da aka harbe a Memphis yana ƙoƙarin tsallake shinge. Najeriya ta sake fasalin Umarnin Runduna mai lamba 237, wato dokar amfani da bindiga ta 'yan sandanta, a 2019, bayan an daɗe ana kukan ya buɗe ƙofar harbin masu gudu. Tasirin irin wannan doka ana ganinsa a ƙirgen gawa. A 1971 'yan sandan New York sun harbe mutum 93 har lahira. A 1972 rundunar ta hana harbin gargaɗi, ta taƙaita harbin mota mai tafiya, ta kuma kafa kwamitin da ke duba kowane harsashi da aka harba. A 2010 mutum 8 suka kashe. Akwai wasu dalilan da suka taimaka, amma masanan da suka bi alƙaluman sun nuna harbi ya fara raguwa ne tun daga shekarar da aka kafa dokar. Faransa ta bi hanya ta daban: a 2017 ta sassauta sharuɗɗan harbin direban da ya ƙi tsayawa, a 2022 kaɗai mutum 13 suka mutu ta wannan hanya.

Yanzu ga abin da ke faruwa bayan harsashi ya fita.

Farilla ta farko ita ce ceton wanda aka harba. Tamir Rice ya kwanta kusan minti huɗu ba wanda ya ba shi agajin gaggawa a cikin jami'an biyu, sai da wani jami'in tarayya ya iso. Ta biyu ita ce sanar da iyalinsa cikin gaggawa da mutunci, kada su ji labari a Facebook ko su yi ta yawo tsakanin asibiti da ɗakin ajiye gawa. A Disambar 2013, karon farko da 'yan sandan Iceland suka harbe mutum har lahira, kuma shi ya fara buɗe musu wuta, shugaban rundunar ya fito ya yi wa iyalinsa ta'aziyya. Wannan bai rage masa komai ba.

Sanarwar farko ita ce inda amana ta fi mutuwa. A 22 ga Yuli, 2005, 'yan sandan Landan sun harbe Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai aikin gyaran wuta, a cikin jirgin ƙasa, bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Labari ya bazu cewa ya sa rigar sanyi mai kauri, ya tsallake shingen tasha da gudu. Ba ɗaya da ya tabbata, rundunar kuma ba ta yi hanzarin gyarawa ba, shugabanta ma ya nemi a jinkirta shigar hukumar bincike mai zaman kanta. A Chicago, rahoton jami'ai ya ce Laquan McDonald mai shekara 17 ya nufo su da wuƙa a 2014. Sai da alƙali ya tilasta sakin bidiyon bayan wata 13 aka ga yaron yana kauce musu ne lokacin da aka zuba masa harsashi 16. A Yunin 2023 an fara cewa Nahel, ɗan shekara 17, ya nufi 'yan sanda da mota a wajen birnin Paris, bidiyon wani mai wucewa ya nuna a gefen motar suke tsaye. A Abuja, matasa shida da aka kashe a Apo a Yunin 2005 an fara kiransu 'yan fashi, kwamitin shari'a ya wanke su, amma sai a 2017 aka yanke wa jami'ai biyu hukunci. Ƙasashe huɗu, hali ɗaya. Idan ba ku tabbatar da abu ba, ku ce ana bincike ku yi shiru. Ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba kisa ne na biyu, kuma iyalinsa ke ɗaukar wannan.

Binciken kansa aiki ne na awannin farko. A karɓi bindigar nan take, a ƙirga harsasan da suka rage a kwatanta da abin da aka rubuta a littafin ma'ajiya, a killace wurin a tsince kwanson harsasai, a gwada jami'in ko yana cikin maye, a raba jami'an da abin ya faru a gabansu kafin su haɗa baki su rubuta rahoto iri ɗaya, a kuma ba likitan da ba na runduna ba binciken gawa. Duk wannan yana komawa ga littafin ma'ajiyar makamai. Rundunar da ba ta san lambar bindigar da kowane jami'i ya fita da ita ba, ba za ta iya gano wanda ya yi harbi ba ko da ta so. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Najeriya na 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Wa zai yi binciken? Ba abokin aikin wanda ya yi harbin ba, ba kuma shugaban da sakamakon zai iya taɓa kujerarsa ba. Ba don dukkansu maƙaryata ba ne. Ko sun faɗi gaskiya ba za a yarda ba, kuma jami'in da ya yi harbi bisa ƙa'ida shi ya fi kowa asara idan nasa ne suka wanke shi. Lardin Ontario na Kanada ya kafa sashen bincike mai zaman kansa a 1990, Ireland ta Arewa a 2000, Jamaika a 2010, Kenya ta yi dokarta a 2011. Sai dai kafa hukuma kaɗai ba ya wadatarwa. Afirka ta Kudu tana da tata lokacin da 'yan sanda suka kashe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a Marikana ranar 16 ga Agusta, 2012, aka kuma yi sama da shekara goma ba ɗan sanda ko ɗaya da kotu ta ɗaure kan kisan wannan rana. Hukumar da ba ta da nata masu bincike, ba ta da ikon tilasta a ba ta shaida, kuma kuɗinta na hannun waɗanda take bincika, suna kawai ta tara. Kyamarar da ake maƙala wa jami'i a ƙirji ma haka take. Gwajin da aka yi da jami'ai sama da 2,000 a birnin Washington, wanda aka fitar a 2017, bai nuna ta sauya halayensu ba. Amfaninta shaida ce, shaidar kuwa ba ta da daraja idan jami'i zai iya kashe kyamarar ba hukunci, ko runduna ta kulle bidiyon sai ranar da ta ga dama.

Akwai sashen ƙa'idojin Habana da ban cika jin shugabanni na ambatonsa ba, na 24. Ya ce shugaba yana da alhaki idan ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa na ƙasa da shi na amfani da ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, bai kuma hana ba. Masu irin wannan hali ba ɓoyayyu ba ne. Kwamitin da ya binciki rundunar Los Angeles a 1991 ya gano jami'ai 44 da kowannensu ke da ƙorafin cin zali shida ko fiye, amma rahotannin da shugabanninsu ke rubutawa a kansu cike suke da yabo. Ina so in ga ranar da wanda ya rubuta irin wannan yabo, da wanda ya ɗauki mutum bai karanta fayil ɗinsa ba, za su zauna gaban kwamiti su ma. A yanzu hukunci yana tsayawa ne a kan mai ƙaramin muƙami, diyya kuma ta fito daga aljihun jama'a. Cleveland ta biya iyalin Tamir dala miliyan 6. Wani nazari a Amurka a 2014 ya gano abin da jami'ai ke biya da kansu daga irin waɗannan kuɗaɗe bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba. A biya diyya, haƙƙin iyali ne, amma a cire ta daga kasafin rundunar da ta yi ɓarnar domin shugabanta ya ji a jikinsa.

Ku kuma tsare jami'in da ya ƙi bin umarnin harbin da bai halatta ba, da wanda ya fito ya faɗi abin da ya gani. Sashe na 25 ya hana a hukunta su. A zahiri su ake mayarwa saniyar ware, a tura su lungu, a hana su ƙarin girma. Matasan jami'ai suna kallo, kuma daga abin da ya sami waɗannan suke koyon abin da runduna ke so da gaske. Shi ma wanda ya yi harbi bisa ƙa'ida yana buƙatar likitan da zai saurare shi kafin a mayar masa da bindiga.

Akwai abin da za ku iya farawa da shi a wannan shekara ba tare da jiran majalisa ko sabon kasafi ba, wato ƙirge. Amurka da duk arzikinta ba ta da cikakken lissafin gwamnati na waɗanda 'yan sanda ke harbewa, sai da jaridar Washington Post ta fara ƙirgawa a 2015 aka san sun kai wajen 1,000 a shekara. Jamus kuwa tana iya faɗa muku cewa a 2011 'yan sandanta sun harba harsashi 85 a kan mutane ko don gargaɗinsu, 49 na gargaɗi, 36 an saita, mutum 6 suka mutu. Ina roƙon kowannenku ya fitar wa jama'a nasa: harsashi nawa jami'ansa suka harba bara, mutum nawa suka mutu, nawa suka jikkata, bincike nawa aka kammala da abin da aka samu, jami'i nawa aka karɓe wa bindiga, da kuma nawa ne cikin masu riƙe da ita yau suka shiga filin atisaye a cikin wata goma sha biyun da suka wuce. Idan ofishinku ba shi da waɗannan alƙaluma, ku ba da umarni a buɗe littafinsu daga yau, ku sa ranar da za ku karanta mana.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya tsare jami'anku da waɗanda suke tsarewa.

Wassalam,
Naku, mai fatan ganin gyara.